Doyar Baba Mora a Tsohon Filin Jirgi

Baba Mora maƙwabcinmu ne, kuma shi ne mai gadin filin jirgin garinmu na ƙarshe. Yakan ba ni tarihin filin in muna zaune gindin mangwaro. Da farko ciyawa kawai aka share zamanin Faransawa, don ɗan jirgin da ke kawo wasiƙu. Da auduga ta yi daraja aka zuba marmara. A lokacinsa ne aka ƙara wa titin jirgin tsawo, aka soma shimfiɗa kwalta. Ba a kai ƙarshe ba jirage suka koma sauka a birnin Parakou.

Ba wanda ya zo ya ce masa an rufe, shi kuma bai tambaya ba. Ya ci gaba da shafa wa duwatsun gefe farar ƙasa. Matan gari suka gane babu wurin shanya doya kamar kwaltar nan, shi kuwa ya yi ta korarsu da sanda. Har ya taɓa watsar da doyar yayarsa Bake cikin ciyawa. Sai da aka soma auna filayen gina gidaje a bakin titin sannan ya ajiye sandar.

Bara matarsa ta rasu. Bana ya fere doyarsa da kansa, ya yayyanka, ya ɗan tafasa. Tsakar gidansa duk inuwa ce, doyar ta fara yauƙi. In ba ta sha rana ba, ba shi da garin tuwon damina.

Na ɗaukar masa kwano ɗaya. Muna isa filin jirgin ya kauce wa kwalta, inda kowace mace ke da gurbinta, ya nufi can ƙarshe wajen marmara. Nan ya shanya. Babur ɗaya ya wuce, doyar ta yi ja da ƙura.

Sai ga Bake tana dogara sanda.

"Mai jirgi, yau jan tuwo za a ci?"

"Yaya, bar ni haka."

"Ko jirgi kake jira ya busar maka?"

Ya tsuguna yana kakkaɓe yankan doya ɗaya bayan ɗaya.

"Tashi, tsohon banza. Na matsar da tawa doyar, ga wuri a kan kwalta. Amma da ƙafarka za ka bi ta gaban matan, ba ta bayan ciyawa ba."

Ya kwashe doyar, ya ɗora kwano a kai, ya hau kwaltar. Yana tafe yana gaida matan da sunayensu, murya ƙasa-ƙasa. Wasu suka amsa. Wata ta juya masa baya, wata ta ce a ɓoye kaya, ga mai sanda nan. Aka yi dariya, shi dai idonsa na ƙasa.

Ya shanya kusa da ta Bake. Da na ce ya koma inuwa in tsare masa, sai ya girgiza kai. Ya zauna cikinsu har rana ta yi sanyi.