Shekaru Sha Biyar na Malam Tamba

Malam Tamba manomin shinkafa ne a fadamar Ambursa, kuma shi ne dattijon ƙungiyar manoman wajen. Wannan matsayi ba zaɓe ake yi ba, shekaru ke bayar da shi. Duk daminar da gulbi ya cika ya shafe iyakokin gonaki, wanda ya fi kowa tsufa shi ke wucewa gaba da sanda ya nuna inda gonar kowa ta tsaya. Shi ake shimfiɗa wa buzu, shi ake kai wa damin farko.

Tun yana ɗan arba'in furfura ta fito wa Tamba, gadon gidansu ce. Da ya ga matasa na durƙusa masa, sai ya shiga ƙara wa kansa shekaru, bana biyu, baɗi uku, har suka taru sha biyar. A bakinsa saba'in da takwas gare shi. Matarsa Riskuwa ta san sittin da uku ne, don rana ɗaya aka yi musu kaciya da yayanta. Amma ita ma tana son damin. Mai bin sa a baya shi ne Munzali, wanda ya tsaya a saba'in da bakwai yana jiran buzun.

Bayan jirgi ya kife da wani ɗan ƙungiya a hanyar Argungu ya bar marayu shida, sai aka yanke a shiga inshora, irin ta taimakon juna da malamai suka amince da ita. Kamfanin ya aiko Anayo daga Birnin Kebbi, haifaffen unguwar Nassarawa, Hausa a bakinsa kamar ta kowa.

Anayo ya baje wata takarda mai gida-gida a kan tabarma. Ya ce kamfani bai san fuskar kowa ba. Abin da ya yi, ya ƙirga a cikin mutum dubu masu shekaru ɗaya nawa ke tafiya a shekara, shi ya sa babba ya fi ƙarami biya. Yatsa ɗaya zai sauka ta layin shekaru, ɗaya ya ratso ta gefe, mai shan taba, mai hawa babur, mai shiga jirgi. Inda yatsun suka haɗu, nan ne kuɗinka na shekara. Ɗan sittin da 'yan kai rabin buhun shinkafa, wanda ya haura saba'in da biyar buhu biyu.

Da yake yaron na da tarbiyya, sai ya ce da babba za a fara.

Tamba ya dubi gidan sittin da uku, ya dubi Munzali da ya kafe shi da ido. In ya faɗi gaskiya, yau buzu zai canza gida. Anayo ma ya rage murya ya ba shi ƙofa.

"Baba, ka tabbata? Haƙoran nan naka sun fi nawa ƙwari. Lokacin da motoci suka canza hannu daga hagu zuwa dama, ina kake?"

"Ina da mata da ɗiya biyu," in ji Tamba. "Rubuta saba'in da takwas, yaro."

Aka rubuta, ya dangwala. Aka zo kan Munzali, sai ya gyara hula ya ce hamsin da takwas. Lokacin canjin hannu, wai ko wando bai fara sawa ba. Daga nan tabarma ta cika da samari. Masu jikoki suka koma hamsin, masu sandar dogarawa suka tsaya a sittin, kuma aka rasa ko mutum ɗaya da ya taɓa shan taba. Tamba na zaune a kan buzu yana lissafi. Da sittin da ukun ya faɗa, da har yanzu shi ne babba.

Ya sayar da buhu biyu ya biya, ya kai takardar shaidar da aka ba shi aka like masa ita da leda. Da ruwa ya janye, Munzali ya tashi zai ja da shi a kan wata iyaka, yana cewa ai kowa ya san ya girme shi. Tamba ya zaro takardarsa daga aljihu, ya tambaye shi ina tasa. Munzali ya koma baya ya bi layi.

Da Anayo ya dawo karɓar na shekara ta biyu, sai ya nuna wa Tamba ƙasan takardar nan mai gida-gida. Gidajen a tamanin suka ƙare, daga nan kamfani ba ya ɗaukar kowa. Tamba ya shiga gida da murna ya gaya wa Riskuwa saura shekara ɗaya su huta da biya.

Tana tankaɗe ba ta ɗago ba.

"Wato in ka mutu kana ɗan sittin da shida, Malam, ni da ɗiyanka buzu za mu gada?"

Ya ce ai buzun ma na ƙungiya ne.