Shirun Ustaz Nagi

Ustaz Nagi Tadrus ya tsufa yana koya wa yara piyano a Iskandariya ta Masar, yana rubuta kaɗe-kaɗen makaɗa arba'in da ba a taɓa kaɗawa ba. Ran da aka kaɗa ɗaya, burinsa kawai mutane su jure shirun da ya sa a tsakiya.

Masu goge na ɗauke hannu, ƙanin matarsa, Fahmi mahauci, ya miƙe: "Allah! A maimaita, Ustaz!" Jama'ar zauren kiɗan suka ɗauka.

A waje Nagi ya ce, "Kai, sarkin baki, ka ɓata min shiruna!"

Fahmi ya ce, "To ka bar fili, wa zai cike?"

Washegari Nagi ya ƙara wa shirun tsawo a rubutun kiɗan, don ya ji abin da mutane za su zuba a ciki.