Yaya Sani da darar da ba ta da gefe

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sani, kuma har yau ban huce ba.

Sana'arsa shimfiɗa tayil. Ragowar da ya riƙa kwasowa daga gidajen unguwar Kanda da ita ya shimfiɗe tsakar gidanmu a unguwar Maamobi, baƙi da fari. A kansu ya koya mini darar Turawa da ake kira ces. Wata rana na matse sarkinsa a lungu, sai ya ɗauke shi ya ajiye a tayil na gaba, a waje da filin wasan. Na ce maguɗi ne. Ya ce in nuna masa wanda ya gina bango a wurin. Tun daga ranar muka soke gefe. Doki ya kai bakin randa, sarauniya ta leƙa har zaure, inda tayil ya ƙare kuwa ya ci gaba da zane da alli.

Abin da ya dame shi tambaya ɗaya ce: idan babu lungu, mayaƙa nawa ake bukata kafin a kama sarkin da ke gudu? Littafin rubutu shida ya cika da lissafinta. Bai taɓa fasa aiki ko salla don wannan ba.

Amma babban wanmu, Alhaji Bala, ya ce Sani na zubar masa da mutunci, don a masallacin unguwar Nima har ana yi masa jaje wai ƙaninsa ya haukace. Ya kawo masu ruƙiya, ƙarti huɗu suka danne mutum mai hankalinsa suna tofe shi. Sannan ya tara littattafan a tsakar gida ya zuba kananzir ya cinna musu wuta. Ina tsaye a ƙofar ɗakina ina kallo. Sani ya dube ni ya ce, “Hajara, ke ma?” Bai sake taɓa wasan ba har ciwon hanta ya ɗauke shi bayan shekara biyu.

Bana ɗan Alhajin, Mustafa, da ke karatun lissafi a jami'a, ya zo hutu da labarin cewa manyan malamai a ƙasashen waje suna nazarin wannan dara maras iyaka. Nan da nan Sani ya zama “haziƙin gidanmu”. Alhaji ya sa an buga hotonsa a riguna, zai shirya gasa da sunansa, har ya aiko a tambaye ni ko akwai sauran rubutunsa. Na ce a gaya masa tabon ƙunar na nan a tayil, ya zo ya karanta.

Da Sani na raye, na san ba zai yi wannan fushin nawa ba. Zai ja Mustafa gefe ya tambaye shi ko malaman sun gano adadin mayaƙan.

Abin da ya rage nasa shi ne ɗan abin da na riƙe a ka, kuma kowace Lahadi ina zayyana wa Mustafa yana rubutawa. Gasar kuwa zan je. An ba ni minti biyar in yi magana, kuma zan fara da ranar kananzir, da sunan duk wanda ya tsaya yana kallo. Nawa ne na farko.