Akwatin da Awalu Ya Yi wa Shimfiɗa

Ina cikin shago a babbar kasuwa, ina auna wa wata mata yadi, wayata ta yi ƙara. Khaulat ce, matar Awalu. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce bensikin, wato babur ɗin haya, da ya ɗauki Awalu zuwa unguwar Japoma ya zame cikin ruwan sama, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na yi salati, na ajiye almakashi a kan yadin mutane, na fito ban ko ja ƙofar shago ba.

Tare muka tashi da Awalu a unguwar New Bell, kwata ɗaya ce ta raba gidansu da namu. Tun muna yara ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale, rediyon babansa ya sha wuya a hannunsa. Da ya girma ya kafa tebur kusa da masallaci yana gyaran waya. Da wifi ya shigo unguwa, duk gidan da rezo, wato sabis ɗin intanet, ya yi nauyi, shi ake aika wa.

Yadda yake aikin ne har yau yake ba ni mamaki. Ba ya fara taɓa akwatin wifi ɗin. Sai ya tuɓe takalmi, ya ɗora waya a tafin hannu, ya riƙa zagaya gida a hankali yana duba ƙarfin rezo. Ya tsaya bakin ƙofa, ya ja da baya, ya durƙusa kusa da durom ɗin ruwa, ya miƙe. Yakan ce rezo kamar ƙamshin girki yake, yana bin ƙofa da taga, amma ƙarfe da ruwa da bango mai kauri suna tare shi. Mu kuwa rufinmu kwano, ƙofarmu ƙarfe, kowane tsakar gida da durom. Ni dai ina kallonsa ne kamar mai bin sawun abin da Allah bai nuna wa sauranmu ba.

Ƙanwata Raliya tana aure a Jidda, ta daɗe ba ta zo gida ba. Inna, mahaifiyarmu, ƙafa ta hana ta tafiya, ido ma ya fara ja baya. Raliya ce ta sa aka kawo mana akwatin wifi don su riƙa ganin juna. Amma duk kiran da aka yi, sai fuskar Raliya ta daskare, muryarta ta riƙa yankewa. Ana cikin haka ta haihu, ɗan fari bayan dogon jira. Inna ta ce ita ba ta roƙon komai, ta dai ga fuskar jaririn ranar suna, tun idonta yana gani.

Awalu ya zo ya yi zagayensa. Zagayen ya ƙare a ɗakin Inna, gaban kabet ɗinta, inda jeren aurenta yake har yau: kwalla, samira, tasoshi, an ɗora su har sama. A tsakiyarsu akwatin yake zaune, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado.

"Inna, wa ya kulle baƙo cikin tukwane?" in ji shi.

"Ji ɗan nema," Inna ta ce. "Abin da ƴata ta aiko zan bari a fili kamar takalmi?"

Na fara yi mata bayani da zafi, ta ce duk wanda ya taɓa shi ba da yawunta ba. Awalu ya taka mini ƙafa. Ya zauna a ƙasa, ya tambaye ta tarihin kowace kwalla, wadda aka kawo daga Kano da wadda kakarmu ta ba ta. Sai da ta saki jiki har tana dariya, sannan ya ce mata ai saƙon Raliya ya fi kwano daraja, kuma abin daraja sama ake ɗaga shi inda kowa zai gani. Inna ta ce to, amma da ƙyallensa zai tafi.

"Da shi zai tafi," Awalu ya ce. "Sai dai baƙo shimfiɗa ake yi masa, ba a lulluɓe shi."

Ya kafa ɗan katako a saman ƙofar falo, ya shimfiɗa ƙyallen, ya ɗora akwatin a kai.

Ranar suna ya zo da wuri, ya bi kowa a gidan ya sa ya kashe wifi a wayarsa, har ni, don kar a rage wa kiran ƙarfi. Da kiran ya shigo, hoton ya fito tas kamar taga aka buɗe. Inna ta kawo wayar dab da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce kunnen marigayi babanmu ne sak. Na leƙa neman Awalu, na same shi tsaye a tsakar gida, ya juya baya yana share fuska da hula.

Ta wannan akwatin Inna ta gaya wa Raliya rasuwar Awalu. Ko sau ɗaya kiran bai yanke ba.

Akwatin yana nan inda ya ajiye shi, ko da yake rufin ya fara yoyo a wurin. Maganar da na kai masa ke nan ana gobe zai rasu, bayan la'asar, yana tattara kayan teburinsa. Na ce damina ta kusa jiƙa baƙon Inna, zan matsar da shi gefe.

"Kar ka taɓa, Salman, na san hannunka. In na dawo daga Japoma zan zo in sake zagaya gidan."

"Inna ta ce ka zo da yunwarka."

"Ka ce mata ta sa yaji da yawa."

"Allah ya kai mu," na ce.

"Amin," in ji shi.