Na'am a Kasuwar Dodo

Kakata Iya Delu ta zo Amurka ne a farkon shekarun tamanin, don ta yi wa Mama wankan jego da aka haifi ƙanena Sani. Niyyarta ta yi wata uku ta koma Zariya, amma sai da Sani ya shiga makaranta tana cewa bayan sallah za ta tafi. Muna zaune a Lanham, a saman wani dogon bene. Mama tana aikin jinya, Baba yana tuƙin tasi, mu kuwa aka bar mu da tsohuwa.

Ba mu da murhu balle wutar jin ɗumi. Wata 'yar hita ce mai jan ido Iya take girkewa a tsakar falo ran Asabar da yamma, ta kashe fitila, ta miƙe ƙafa. Ni take kira Maigida.

"Maigida, kira mini baƙina. Miji ba cefane, ba ko aike!"

Sai in bi ƙofa-ƙofa in kwaso yaran benen, 'ya'yan mutanen Jos da na Kumasi, duk mu zube gabanta. Ta ce, "Ga ta nan a bakin ƙofa." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta!" Sani kaɗai ke amsawa da Turanci. Yana jin Hausa sarai, ɗan banzan, amma ko sunansa ka kira da Turanci zai amsa, abin kuwa yana ci wa Iya rai.

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta yarinyar da ta shiga kasuwar Dodo. A kasuwar nan ba a ciniki da kuɗi, da kalma ake yi. Yarinya ta ba da "ruwa" ta karɓi alewa, ta ba da "gida" ta karɓi warwaro, tana ta murna har bakinta ya kusa ƙarewa. Da magariba uwarta ta zo bakin kasuwa tana kwaɗa mata kira. Dodo ya yi dariya, ya ce ai ba sauran abin amsawa. Ashe akwai guda ɗaya da ta maƙale a ƙarƙashin harshenta, bai gani ba. Ta ce "Na'am!" Uwar ta bi muryar ta fizgo 'yarta. "Ƙurunƙus," in ji Iya, "na naɗe tabarmata, kowa ya kama gabansa."

Daga falonmu abin ya sauka ɗakin taro na ƙasan benen. Anti Ladi, maƙwabciyarmu 'yar Jos, ita ta kawo shawarar sau ɗaya a shekara yara su yi shigar dodanni da kuraye da aljanu, ta ɗinka mana kaya da tsofaffin labule da kwali. Muka sa masa Daren Dodanni. Kafin ka ce me, mutane na zuwa daga garin Laurel har daga garin Sterling, ɗaki ya cika maƙil, hayaƙin tsire ya tayar da ƙararrawar gobara. Manya suka ce bana sai fili, a wurin shaƙatawa na unguwa, cikin bazara.

Nan fa aka yi ta. Ana rufe wurin da faɗuwar rana, ranar bazarar ƙasar nan kuwa ba ta san ta faɗi da wuri ba. Iya ta ce atafau.

"Tatsuniya da rana? Ni Delu? Ɓata ake yi a kasuwa, ko ba a gaya muku ba?"

Baba ya ce, "Haba Iya, camfi ne fa. Wace kasuwa kuma a cikin ciyawa?"

"Kai dai ka yi shiru. Ƙasar nan gaba ɗayanta kasuwa ce."

Wallahi na yi kuka. In babu Iya, me ya rage? Kwali da nama kawai. Ta zo filin dai, amma ta zauna can gefe ta ɗaure fuska. Sai ga Anti Ladi da zannuwan gado masu duhu, ta sa maza suka zagaye wata rumfa da ke filin da su, ta zo ta durƙusa.

"Iya, ga darenki na kawo miki."

Iya ta leƙa, ta taɓe baki. "Wannan dare na jabu ne." Amma ta ga dodanni sun yi tsit suna kallonta ta cikin ramukan kwali, sai ta yi bisimilla ta shiga. Ban taɓa jin ta ba da labarin kasuwar Dodo da daɗi kamar ran nan ba.

Aka yaye zannuwa, aka hau cin tsire, sai Mama ta ce ina Sani. Dodanni ga su nan birjik, duk fuska iri ɗaya, an ɗaga wannan an ɗaga wancan, babu shi. Bayan filin kuwa kurmi ne da rafi. Mama ta rikice, Baba yana gudu yana kira, shiru. Sai Iya ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta sa hannu a kunne, ta saki irin kiran da ake yi wa yaro daga bakin gona.

"Saaaniii!"

Can ƙasa wajen rafi, wata 'yar murya ta ce, "Na'am!"

Aka same shi tsamo-tsamo, kan dodonsa ya jiƙe ya rufe masa ido. Iya ta rungume shi tana dariya tana hawaye, ta dubi Baba ta ce, "To, malam mai cewa camfi ne, sannu da gudu."

Iya ta koma Zariya daga baya, can ta rasu, Allah ya jiƙanta. Bikin yana nan duk bazara, ya girma har ban san rabin masu zuwa ba, kuma har yau sai an rataya zannuwa kafin a fara. Na daɗe ina ɗaukar abin da ya faru a matsayin abin dariya. Sai da na haifi tawa 'yar na gane wace kasuwa Iya take tsoro, da irin cinikin da ake yi a cikinta kullum ba tare da an ji zafi ba. Yanzu in na tsaya a ƙasan bene na kira sunanta, gabana yakan ɗan faɗi kafin ta amsa. Jiya ta ce na'am.