Malamar da Ke Buga Faranti

Raina abin da ba ka iya ba mugun hali ne, kuma a cikin gidana na ga inda yake kai mutum.

Shekara ashirin da biyu ke nan Malama tana buɗe ɗakin nan na bayan shagon tela kowace safiya, ta share, ta jera benci, ta koya wa leburorinmu Sifaniyanci, yaren ƙasar nan da muka zo ci-rani. Ni ban yi boko ba, amma na sha zama bakin ƙofa ina kallo. Ba ta barin mutum ya haddace kalmomi yana zaune hankali kwance. Sai ta tsayar da shi, ta ɗauki faranti da cokali ta yi ta bugawa a gefen kunnensa.

"Ɗan'uwanka ya faɗi, jini na zuba! Kira likita! Kana ina? Me ya same shi? Faɗa da yarensu!"

In harshe ya sarƙe, a sake daga farko. Takan ce yaren da ba ya fitowa sa'ad da jiki ke rawa, ba a iya shi ba tukuna.

'Ya'yana biyu na tura mata. Auta ya jure. Babban, Dogo, kwana uku ya yi.

"Baba, ni da gemuna tsohuwa za ta riƙa kaɗa min faranti kamar mai kiran kaji? Ai wayata tana fassara."

Ranar da injin yankan katako ya cafke hannun rigar Dogo a wurin aiki, wayar tana can cikin akwatin ajiya. Ya yi ta ihu da Hausa. Mai kula da makunnin injin yana nesa, ƙara ta cika wuri, yana ganin baki na motsi bai san me ake cewa ba. Auta, da ke aiki tare da shi, ya rugo yana kururuwa da Sifaniyanci a kashe inji na uku. Shi ya kira motar asibiti, ya faɗi titi, ya faɗi ƙofa, ya faɗi inda jinin ke fita.

Malama, ke ce kika tsamo min ɗana da farantin nan. Allah Ya saka miki da alheri. An ce ƙarshen wata za ki ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Abin da ke hana ni sukuni ke nan: wa zai karɓi cokalin? Ku da kuka iya, ku fito tun wani bai sake yin ihun da ba mai ganewa ba.

Dogo dai ya rayu. Amma yatsu uku na hannun dama sun tafi, aikin ya tafi, kuma yanzu ƙaninsa ke saka masa maɓallin riga.