Ƙasar Nasiru ba ta fita ta ƙofa

Nasiru ya rasu.

Da safen nan labarin ya ishe ni, ina tsugune ina ba kaji dusa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku da kunka saba ganin hotunan da nake sawa nan kun san shi. Jikana ne, ɗan ɗana Malam, mai aikin jinyar tsofaffi a ƙasar Ireland. Shi nake ce ma Angona, ina yi masa tsiya cewa ya bar tasa tsohuwar a Illela ya tafi wankin tsofaffin wasu.

An ce jiya ya faɗi wurin aiki. Ba ciwo, ba jinya. Musulmin garin za su yi masa sutura can, ubansa ya amince. Ba abin da za a kawo mana.

Abin da ya rage mini nasa yana cikin ɗakinsa, kuma zuwa la'asar za a sa masa zarto. Shi ya sa kunka gan ni da waya a hannu maimakon in zauna in yi kuka kamar kowa.

Bari in faɗa muku ko mi ne.

Bara da ya zo hutu ya miƙo mini wani akwati. Na ɗauka turare ne. Ina buɗewa sai ga kan jirgin ƙasa, bai kai sabulun wanka ba, da taragu uku, da layin dogo wanda faɗinsa bai wuce ɗan yatsana ba. Na ce masa wato duk zaman Turai abin da ka samo wa amaryarka ke nan, kayan wasan yara?

Ya ce wani tsoho cikin waɗanda yake jinya ya ba shi. Da ƙuruciyar tsohon akwai irin waɗanga jirage a ƙauyukansu, layinsu ya fi na ko'ina ƙunci, suna bin gindin tuddai suna kwasar tumaki da wata baƙar ƙasa da mutanen can ke ƙonawa madadin icce. An daɗe da tuge layin. Sai tsofaffi su gina ƙaraminsa bisa tebur, da tudu da gada da gidaje, su zauna suna kallo. Nasiru ya ce tunda na rantse ba ni hawa jirgin sama in je in ga inda yake zaune, to shi zai kawo mini ƙasar har gida.

Ni da ko jirgin ƙasa na gaske ban taɓa gani da idona ba.

Ya kira kafinta ya haɗa masa wani babban allo mai ƙafafu a cikin ɗakinsa. Ya lanƙwasa wayar kejin kaji ta yi siffar tudu. Munka yayyaga takardar buhun siminti, muna jiƙawa da gam muna liƙawa hawa-hawa, har ta bushe ta yi tauri kamar ƙwarya.

Aikin ciyawa ni ya ba, tunda tun ina budurwa nake rina kabar faifai. Dusar katako za ki tankaɗe, ki rina da koren galura, ki shanya, sannan a barbaɗa bisa gam. Sau huɗu yana mayar mini da ita. Wagga ta yi alayyafo, wagga ta yi miyar kuka. Wai koren can ba iri guda ba ne, sai an gauraya uku, a sa ɗan ruwan ɗorawa a ƙolin tudu inda iska ke duka. Na ce ko uwar miji ba ta kai ka iyayi ba.

Da soson wanka munka yi ƙananan itatuwa. Gida kuwa kwali ne, ya shafe shi da farar ƙasa, ya yi masa jinka da zaren buhu. Na tambaye shi ina rumbu, ya ce babu. Ina inuwar zaman maza, babu, wai ba su neman inuwa, rana suke nema. Na ce lalle ka faɗa hannun mahaukata.

Na yi masa tumaki da auduga da tsinken ashana, dogaye, gaba baƙi baya fari, udawa sosai irin na kasuwar dabbobinmu. Ya riƙe ciki don dariya. Wai na can gajeru ne, kamar matashin kai mai ƙafa. Ya sa na sake su duka, amma ya bar guda, ya ce baƙo ne shi ma ya zo neman abinci.

Sai na yi ɓarnar da har yau matan gidanga ke yi mini dariya.

Ya tafi Sakkwato kwana uku gaida dangi. Ina shiga ɗakin ina kallon tudun nan, koren ya tsaya mini a rai, kore ne amma ba rai. Na ce yaro ya sha wahala, bari in nuna masa aikin manya. Na ɗebo ƙasar bakin rijiya na shimfiɗa a gefen tudun, na yafa gero, ina yayyafa ruwa safe da maraice. Mu dai abin da munka sani, in kana son kore sai ka shuka.

Geron ya tsiro kuwa. Tudun ne ya jiƙe ya lotsa, ya rufta ciki kamar tsohon rufin soro da damina.

Da ya dawo ɗaki na shige na kwanta, na ce zazzaɓi nake. Na ji shi ya buɗe ƙofarsa. Can sai ga shi bakin ƙofata, ya durƙusa, ya ce, "Amarya, taso ki ga gonarki. Yaushe za mu yi girbi?"

Ko tsaki bai yi ba. Hutunsa saura mako guda a lokacin.

Ya kwashe ƙasar da cokali. Inda ya rufta bai cike ba, ya daddale shi, ya shafa baƙin fenti da man ƙyalli na kafintoci har ya zama tafki. Ya ce can ma haka tafkunansu suke, baƙi ƙirin a gindin tudu, kuma da ban yi ɓarna ba da bai tuna ba. Ƙarya yake, don in daina jin kunya ne.

Haka yake tun yana ƙarami. Shi ke zare mini ƙaya, shi ke sa mini zare a allura. Wayar ga ma shi ya koya mini, harafi harafi, yana cewa karatun yaƙi da jahilcina bai tafi banza ba.

Ranar da zai koma, mota na jiransa a waje, ya ja ni ɗakin. Ya zube mini tsakuwar da ya tsinto bakin tafkin Kalmalo, ƙanana kamar wake. A can, in ji shi, ba su yin darni, duwatsu suke jerawa su kange gona. Ya ja layi da alli tun daga gada har tashar jirgin, ya ce in jera masa katanga, kullum kaɗan, kada in yi gaggawa. Na ce a kunna jirgin mana in gani kafin ka tafi. Ya ce a'a.

"Ba a sakin jirgi a ƙasar da ba a gama ba. Ki gama katangarki, in na zo mu sake shi tare."

Na ce in ka zo ka ishe na yi wani auren fa? Ya ce wa zai kwashi wagga. Ya dafa kaina, ya fita.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan, in ba a waya ba. Duk Juma'a sai ya kira ya ce in juya masa kyamara. Nan ta karkace, Amarya. Nan kin cika gam. Juma'ar da ta wuce ya ce ta yi kyau, na ce yau kuma mi ya same ka.

Saura taƙi guda in kai tasha. Jirgin yana cikin akwatinsa, bai taɓa tafiya ba.

To ga abin da ake ciki yanzu.

Mata sun cika gida. Na Araba sun iso, na Tozai suna hanya, dangin uwar Nasiru sun ƙetaro daga Ƙonni. Ɗakina ya cika, rumfa ta cika, tsofaffi suna zaune cikin rana. Ɗakin Nasiru shi ne babba a gidan. Malam ya aiko a fitar da allon a shimfiɗa tabarmi, ya ƙara da cewa ɗakin da za a yi karatu da addu'a ba a barin siffofin mutane da dabbobi a ciki.

Ban yi musu ba. Na shiga na tsince su ɗaya ɗaya, tumakin, da 'yan mutum-mutumin da ya jera a tasha, mai tuta da matar da ke jiran jirgi, na ƙulle a kallabi. Ƙasar ta koma ba kowa.

Sai kafinta ya zo ya auna. Allon ya fi ƙofar faɗi. In an karkata shi, tudu ya daki bango. A ciki anka haɗa shi, a ciki munka yi ta gini, daga ni har mai ilimin Turai ba wanda ya taɓa waiwayar ƙofa. Kafinta ya ce sai dai a raba shi biyu, zarton zai bi ta gada ya ratsa tafkin. Na tambaye shi tudun zai tsaya? Ya ce Hajiya, takarda ce.

Na kulle ɗakin, na ɗaure makullin a haɓar zane, na zauna bakin ƙofa. A nan nake rubutun ga.

Malam ya shigo da kansa. Ɗana ne, na san tafiyarsa, yau ƙafafun ja yake. Ya tsuguna gabana.

"Inna, mutane na rana."

Na ce na gani.

"Abin wasa ne, Inna."

Na ce ka taɓa shiga ka duba?

Na san bai taɓa shiga ba. Nasiru ɗan farinsa ne. Tun da anka haife shi bai taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai yaron nan. Ni anka miƙa wa shi tun yaye. Duk makonnin da munka yi muna gini, Malam ta ƙofar yake wucewa ya tafi makaranta, kansa a duƙe. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka munka tarbiyyantar da su.

Na buɗe masa. Bai shiga ba, daga bakin ƙofa ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, har na ji numfashinsa ya sake. Ya tambaye ni ko haka wurin yake, na ce haka ya ce mini.

Sannan ya ce in an samu wanda zai cire ƙofar ya faɗaɗa bango ba tare da an taɓa aikin yaron ba, a kai shi shagon jikin gida, shi ba ya hanawa. In ba a samu ba zuwa la'asar, in yafe masa, ba zai bar baƙi su wuni a rana ba. Gaskiyarsa ce.

Firam ɗin ƙofar na ƙarfe ne, cikin siminti anka kafa shi. Kafinta ya ce ba aikinsa ba ne. Maginin unguwarmu yana ƙauye wurin aiki, wayarsa ba ta shiga.

Don Allah, don Annabi, jama'ar Illela. Magini nake nema mai sanyin hannu, wanda zai fasa bango bai girgiza ɗaki ba. Da maza huɗu da za su ɗauki allon a kwance, a hankali, kada a karkata. Wanda ya san gidanmu ya taho kawai. Wanda bai sani ba ya rubuto nan ƙasa, ina kallo. In ba ka iya komi, tura wa wanda ya iya. An kusa kiran azahar.

Ba mu samu ɗaukar makararsa ba. Ku zo ku ɗaukar mini wannan.

Ya Allah, yaron nan ya ji tausayin tsofaffi, nasa da na wasu, Ka ji tausayinsa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da hannayen kirki da za su yi masa wanka su sallace shi. Ka sanyaya zuciyar uwarsa. Ka ba ubansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. Kuma in za ku roƙa masa, ku kira sunansa da baki, Nasiru. Uban ba zai iya ba.